Filen ɗin Kawu da waɗanda ke cikin gilashi

Wani dattijo maƙwabcina a nan Ingila, tsohon kafinta da ya ajiye aiki, shi ya fara nuna mini cewa ana karanta kayan aiki kamar yadda ake karanta wasiƙa. Wata Lahadi na dawo da wani tsohon filen da na tsinta a kasuwar da mutane ke baje kaya a bayan motocinsu, abin nan da kafinta ke fere katako da shi har ya yi sumul. Tsatsa ta cinye shi, ni kuma ban ga komai a jikinsa ba sai nauyi. Dattijon ya karɓa, ya ɗage murfin, ya zare wuƙar, ya sa babban yatsa ya murje ƙurar da ke gaban mariƙin baya. Sai ga layi uku na rubutu da aka zuba tare da ƙarfen: MAR-25-02, AUG-19-02, APR-19-10. Ya ce waɗannan ranakun da aka yi wa ƙirar rajista ne, kuma duk filen ɗin Stanley na Amurka da ke ɗauke da su ukun an yi shi ne tsakanin 1910 da 1924. Abin da na riƙo a leda ya haura shekara ɗari.

Tun daga ranar nake bin wannan ilimi, kuma ba na jin kunyar cewa ya burge ni. Masu wannan ilimi sun bi diddigin kowane sukuru. Sun san cewa Leonard Bailey ne ya fito da ƙirar filen na ƙarfe da kusan kowa ke kwaikwaya har yau, kuma kamfanin Stanley na garin New Britain a Amurka ya sayi haƙƙinta a 1869. Sun san lambobin daga 1 zuwa 8: lamba 4 mai inci tara na gyaran fuska, lamba 5 mai inci 14 na aikin yau da gobe, lamba 7 mai inci 22 na miƙe gefen katako. Idan a kan wuƙar akwai hoton zuciya da harufan S.W. a ciki, to aikin shekarun 1920 ne zuwa tsakiyar 1930. Idan mariƙin ba na baƙin icen nan mai ƙamshi ba ne, aka shafa wa wani icen fenti, aka kuma sa roba ko ƙarfe a inda aka saba sa tagulla, za su ce maka na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, sa'ad da tagulla ta tafi fagen fama. Idan an rubuta cewa a Ingila aka yi shi, ba zai riga 1937 ba, don a lokacin ne Stanley ya fara ƙira a Sheffield. Zarto ma haka yake: tambarin da ke kan babban sukurun mariƙi yana faɗin ko Henry Disston na Filadelfiya shi kaɗai ne a lokacin, ko an ƙara "da ɗansa", ko an kai ga "da 'ya'yansa". Sifana mai harafin W tana bin ma'aunin Joseph Whitworth na 1841, lambar da ke jikinta kuma kaurin bol ɗin take nufi, shi ya sa bakinta ya fi abin da aka rubuta faɗi. Ɗan kibiya mai kai uku da aka buga a jikin ƙarfe na nufin kayan gwamnatin Birtaniya ne, galibi na soja.

Ina cikin wannan zumuɗi na kira Kawu ta bidiyo. Kafinta ne tun ban san kaina ba, kuma a gindin bencinsa na fara jin ƙamshin katakon da aka fere. Na ce, "Kawu, don Allah juyo mini da filen ɗinka in ga gindinsa." Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, me za ka gani a tsohon ƙarfe?" Amma ya juyo. A lungun da hannu ba ya kai wa akwai sauran shuɗin fenti, a gaba kuma an zuba suna da lamba: Record, 05. Na ce masa a Sheffield aka yi shi, kamfanin C & J Hampton ne, kuma sun fara yin filen a 1931. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To madalla. Ni dai abin da na sani, yana ci." Ya ɗora shi a kan wani katako ya tura sau ɗaya, sai ga ɓawo siriri ya naɗo ya faɗi.

Wannan tura ɗaya ta tsaya mini a rai, domin a nan na ga filen da yawa da ba su taɓa yin ta ba. Akwai masu tarawa da ke jera su cikin akwatin gilashi, kowanne da 'yar takardarsa, wasu har da kwalin da aka sayar da su a ciki. A wurinsu mafi daraja shi ne wanda bai taɓa ganin katako ba. Lamba 1 na Stanley, ɗan mitsitsi da bai kai inci shida ba, shi ake rububi a kai, alhali tafin hannun babban mutum ba ya ma samun wurin riƙe shi da kyau. Filen ɗin Kawu kuwa a idonsu ya lalace. Ƙullin gaba ba na asali ba ne, shi ya sassaƙa wani da hannunsa da na farkon ya tsage. Sukurun mariƙi daga wani inji ya ciro shi. Wuƙar ta sha wasawa har saura kaɗan ta iso ramin tsakiya. Masu tarawa suna rage darajar irin wannan don an haɗa shi da sassan da ba nasa ba. A wurina kuwa nan ne labarin yake: kowane gyara shaidar wata rana ce da aiki ya tsaya, mutum ya ƙi yarda ya tsaya tare da shi.

Ba ina cewa masu adanawa ɓata lokaci suke yi ba, kada a yi mini wannan fahimtar. A gidan tarihi na Guildhall da ke Rochester akwai akwatin kayan aikin Benjamin Seaton, wanda aka saya masa kayan a 1796. Kusan bai yi aiki da su ba, kuma saboda haka ne yau ake iya ganin yadda cikakken kayan kafintan wancan zamani yake, da zarto da filen na ice da komai. A Sheffield kuma Ken Hawley, mai sayar da kayan aiki, ya shafe rayuwarsa yana kwaso abin da masana'antu ke zubarwa sa'ad da suke rufewa, har da littattafan farashi da kayan da ake ƙera kayan da su. Tarin nasa yana gidan tarihi na Kelham Island a Sheffield yanzu.  Irin wannan adana ilimi ne, ina cire masa hula. Abin da nake ƙi shi ne a kulle filen na ɗari biyu irin wanda akwai dubbansa, lafiyayye, a hana shi katako, alhali akwai hannun da ke nemansa. Akwai ƙungiyar Tools for Self Reliance a kudancin Ingila da ke karɓar tsofaffin kayan aiki, masu sa kai su gyara su, a aika wa masu koyon sana'a a wasu ƙasashen Afirka. Wannan ya fi kwanta mini a rai.

Amma mu ma muna da namu laifin, kuma ya fi yi mini ciwo don namu ne. Muna morar kayan aiki har ƙarshensa, mun iya gyara, mun iya tattali, sai dai ba ma tambayar asali. Rashin sanin nan yana da tsada. Matashin da ke koyon aiki zai bar tsohon zarton Spear & Jackson da za a iya wasa haƙoransa da magagari sau ba adadi, ya ɗauki sabo mai sheƙi wanda aka ƙona haƙoransa suka yi taurin da magagari ba ya kama su, idan ya dakushe sai jefarwa. Zai sayar da tsohon kurfi a kilo ga masu sayen ƙarfe, bai san cewa rubutun "cast steel" da ke jikinsa na nuna ƙarfen da ake narkawa a tukunya ba, dabarar da Benjamin Huntsman ya fito da ita a yankin Sheffield cikin shekarun 1740, wadda ta ɗaga sunan garin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya gane ta.

Abin da ya fi wannan shi ne kayan da maƙeranmu suka ƙera da kansu. Gizago, awartaki, guduma, masaba, duk ba tambari, ba suna, ba shekara. Tsoho mai sana'a yana iya duban gizago ya ce wannan bugun wane ne, daga yadda aka lanƙwasa bakin da yadda aka zaunar da ƙota. Ilimi ne daidai da na maƙwabcina mai karanta ranakun rajista, sai dai nasa yana rubuce a littattafai, namu yana cikin kan mutum ɗaya. Ran da aka kai mutumin makwancinsa, gizagon ya koma ƙarfe kawai.

Ina da wani filen na ice a kan bencina, na kamfanin Mathieson na Glasgow, da tambarinsu na wata da tauraro a goshinsa. Ƙasa da tambarin akwai sunaye uku da aka buga da ƙarfe, na biyu ya hau kan na farko, na uku a gefe. Kafintocin da suka mallake shi ne ɗaya bayan ɗaya, domin a da kowa yakan buga sunansa a kayansa. A gefen dama akwai ɗan kwari mai santsi inda yatsunsu suka cinye icen, kuma idan na riƙe shi yatsana yana faɗawa daidai wurin. Shi na fi so a duk abin da na tara. Ina fere katako da shi, ban kuma taɓa sa masa burushin waya don ya yi ƙyalli ba, sai ɗan mai da tsumma, don kada in goge sunayen.

Watan jiya na samo wa Kawu wuƙa mai faɗin inci biyu, tsohuwar ƙirar Sheffield da ba a ci ko rabinta ba, wadda za ta zauna daidai a lamba 05 ɗinsa. Na haɗa da 'yan ƙarafan buga harufa, na ba wani mai tafiya gida. Na kuma roƙi ƙaramin ɗansa ya samu littafi ya zauna da shi, su bi kayan bencin ɗaya bayan ɗaya: wa ya ba shi, a wace shekara, wane maƙeri ya buga wanne. Da saƙon ya isa Kawu ya kira ni, yana juya ƙarafan a tafin hannu. Ya ce, "To ɗan nan, a ina zan buga sunan, a jikin ƙarfen?" Na ce, "A'a Kawu, ƙarfen zubi ne, guduma za ta iya tsaga shi. Ka buga a ƙullin da ka sassaƙa."