Bakkale: kada mu raina gwajin minti 4

A watan jiya Baffa ya kira ni daga gida, muryarsa ba daɗi. Shanunsa uku sun yi ɓari a jere, dukansu da tsohon ciki, ɗaya ma mabiyiya ta ƙi faɗowa sai da aka sa hannu. Na tambaye shi ko akwai mai kumburin gwiwa a garken, ya ce akwai. Shi da kansa ya ce, "Ɗana, bakkale ce." Makiyayi ya san cutar. Abin da ya rasa shi ne hanyar gane wace saniya ke ɗauke da ita, tunda da yawansu lafiya lau suke kiwo.

Ina aiki a gonar shanun madara a nan Ailan, ƙasar da aka tabbatar ta rabu da wannan cuta tun 2009. Damuwarsu a nan ita ce kada gwaji ya yi wa saniya mai lafiya ƙazafi, domin akwai wata ƙwayar cuta, Yersinia, da jini ke nuna alamarta kamar ta bakkale. Shi ya sa suke dogaro da wasu gwaje-gwajen jini biyu, ELISA da CFT, a manyan ɗakunan gwaji. Da na zo, ni ma na ɗauka duk abin da bai kai waɗannan ba aikin banza ne. Yanzu na canza ra'ayi.

Gwajin Rose Bengal abu ne mai sauƙi. Za a ɗebi jini a jijiya, a bar shi ya kwanta ruwansa ya taso, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan farin tayil, a haɗa da ɗigon maganin mai launin hoda, a riƙa jujjuyawa a hankali na minti 4. In saniyar na da cutar, sai ka ga haɗin ya yi tsaki-tsaki kamar madarar da ta tsinke. Ba inji, ba kwamfuta. Abin da yake buƙata kawai maganin ya zauna a firij, a fito da shi sanyinsa ya sake shi kafin aiki. Da wuya ya tsallake saniya mai cuta. Aibinsa, wani lokaci yakan kama wadda ba ta da ita, musamman wadda aka yi wa rigakafin S19, irin wanda ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato.

A nan ne ELISA ke da amfani. Nau'inta da ake kira cELISA ya fi iya bambance alamar rigakafi da ta cutar gaske, amma yana son inji, wuta mai tsayawa da kuɗi. CFT kuwa aikin ƙwararru ne, mai wahalar haɗawa, ba na malamin dabbobi a ƙauye ba.

To, a ganina, a gida sai a tace garke gaba ɗaya da Rose Bengal, waɗanda suka nuna kaɗai a tura jininsu ELISA. Kuma a maimaita bayan wata ɗaya ko biyu, don saniyar da ta kamu kwanan nan jininta ba ya nunawa, karsanar da ta ɗauko daga uwa ma tana iya ɓoye ta har haihuwar fari.

Abin da ya fi tsaya min a rai mutanen gidan ne. Cutar na shiga mutum ta ɗanyen nono da taɓa ɓari da hannu tsirara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifod a banza. Na roƙi Baffa ya ware shanun nan uku, a binne ɓarin da zurfi kada karnuka su ja, Inna kuma ta tafasa madara kafin ta kafa kindirmo. Na tura masa kuɗin motar malamin dabbobi, ranar kasuwa zai je ya ɗebi jinin.