Allurar kashe zafi bayan aikin gwiwa ba ta shanye ƙafa

Wasu in an yi musu aikin canjin gwiwa suka ji ƙafar ta yi nauyi sai hankalinsu ya tashi, wai allurar kashe zafi ta shanye musu ƙafa. Wallahi ba haka ba ne. Jijiya ake kwantarwa na ɗan lokaci, to in a matsematsi aka yi allurar, jijiyar nan ita ce kuma ke motsa naman gaban cinya, shi ya sa gwiwa ke lanƙwashewa in ka miƙe, amma yawanci cikin awa 24 take saki. Yanzu an fi yin ta a tsakiyar cinya don kar ƙarfi ya ragu sosai. Raunin da ke daɗewa yawanci daga aikin ne kansa da kumburi da rashin motsa ƙafar. Don Allah ranar farko kar ka sauko gado kai kaɗai, kira nas ta riƙe ka.