Kada biki ya cinye ziyarar ma'aurata

A cikin matan da mazajensu ke neman abinci a ƙasashen waje, kaɗan ne za su iya cewa an taɓa shirya musu tafiya takanas domin su je su ga maigida. Yawancinsu sai an sa ranar bikin wani a dangin miji sannan ake tuna cewa ai wance tana da fasfo, kuma ya kamata ta je ta wakilci mutanen gida. Daga nan sai a ce mata ta shirya, za ta je biki kuma ta ga mijinta, kamar dai ganin mijin gyara ne da aka ɗora a kan ciniki. Ni a ganina wannan tsari bai yi wa mata adalci ba, bai kuma yi wa mazan kansu adalci ba. Ziyarar mace ga mijinta, ko ta miji ga matarsa, haƙƙi ce mai cin gashin kanta wadda ba ta buƙatar wani dalili ya goya ta, kuma idan har larura ta sa an haɗa ta da biki, to wajibi ne a ware mata nata lokacin tun kafin a yanki tikiti.

Zan yi magana a kan Ghana, domin a Kumasi maigidana yake kasuwanci, kuma da yawa daga cikin danginsa a can aka haife su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san tarihin fataucin goro. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja su sayo goro a kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai fataken suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, suka kafa zango-zango. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete Krachi ya rasu a 1934, kuma Alhassan Ɗantata ma ya yi zaman fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya dawo Kano ya kafu. A 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, wasu suka tattaro suka dawo gida, wasu suka ci gaba da zamansu. Haka aka wayi gari gida ɗaya ya rabu biyu, wa yana Kano ƙane yana Aboabo ko Asawase a Kumasi, ko kuma Nima da Mamobi a Accra. Saboda haka bikin da ake yi a can bikinmu ne, kuma ban taɓa cewa kada a je ba. Zumunci a ƙafa yake, wannan kowa ya yarda.

Na kuma fahimci abin da ke sa ake haɗa tafiyar biyu wuri ɗaya, wato kuɗi da wahalar hanya. Gaskiya ne cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, amma duk da haka sai an tanadi fasfo ko wata takardar tafiya mai rai, sai kuma katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Wadda za ta bi jirgi daga Kano galibi sai ta sauka a Legas ko Abuja, sannan ta hau wani zuwa Accra, tafiyar da ba ta wuce kamar sa'a ɗaya ba daga Legas, sannan ta shiga mota zuwa Kumasi, kimanin kilomita 250. Wadda kuwa za ta bi ta ƙasa, iyaka uku ke gabanta: Seme tsakanin Najeriya da Benin, sai ta tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a ƙofar Ghana, kuma a kowace sai an sauko an bi layi an buga hatimi. A hanya za ta riƙe naira da sefa da sidi. Magidancin da ya lissafa wannan duka, ya ɗora kuɗin anko da gudummawa da tsaraba, ba abin mamaki ba ne ya ce a bari sai lokacin biki a yi gaba ɗaya. Matsalar tana farawa ne daga ranar da aka sauka.

Matar wan amarya ko na ango a gidan biki ba baƙuwa ba ce, ma'aikaciya ce, kuma haka ya kamata, domin gidansu ne. Lokacin bikin ƙanwar maigidana, tun daga tasha aka wuce da ni gidan Hajiya, uwar mijina, aka ajiye akwatina a ɗakin da mata suka cika, wasu daga Tamale, wasu daga Accra, wasu daga Lome. Kafin asuba an hura wuta a tsakar gida, manyan tukwane na shinkafa da wake suna tafasa da karan dawa a ciki har sun yi ja, ga tuwo ana tuƙawa, ga masu koko da ƙosai suna sallamar yara. Daga nan sai lalle, sai jeren kaya, sai karɓar baƙi, sai rakiyar wannan da taryen wancan. Shi kuma maigida yana can waje tare da maza, shi ne mai karɓar surukai, shi ne mai biyan masu rumfa da kujeru, shi ne ake aika wa tasha idan wata gwaggo ta iso. Wani dare bayan isha'i wayata ta yi ƙara, na ɗauka, ya ce, “Hajiyata, kin samu kin ci abinci kuwa?” Yana tsaye a ƙofar gida, ni ina cikin tsakar gida hannuna duk kumfar wanke-wanke, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma zauren cike yake da dattawa, kunya ba za ta bar shi ya shigo cikin mata ba, ni ma ba za ta bar ni in fita ba. Irin wannan kiran ne muke yi kullum ina Kano yana Kumasi, ga shi na keta ƙasashe na zo, ba abin da ya sauya.

Ba wanda ya yi mini laifi a gidan nan, an karrama ni iyakar karramawa. Tsarin ne kawai bai bar wa ma'aurata wuri ba. Na san mata da dama da aka yanka musu tikitin dawowa washegarin kai amarya, saboda yara suna makaranta ko saboda hutun wurin aiki ya ƙare, suka dawo gida da gajiya da hotuna da robobin rabo, ba su zauna da mazajensu zaman kirki ba ko na yini ɗaya. Idan irin wannan mace ta buɗe baki bayan wata biyu ta ce tana kewar mijinta, sai a ce mata ba kwanan nan kika dawo daga wurinsa ba? An rubuta mata ziyara a lissafi, alhali biki ta je.

Addininmu bai ɗauki nisan ma'aurata da wasa ba. Sananne ne a littattafan malamai cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adin da ba za su wuce ba tare da sun koma gida ba, wasu ruwayoyi suka ce wata huɗu, wasu suka ce shida. Idan har fita jihadi ba ta zama hujjar barin mace shekara da shekaru ba, ban ga yadda shago zai zama hujja ba. Haka kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da amsa gayyatar walima. Haƙƙoƙi biyu ne ke nan, kowanne da mai shi, kuma sauke ɗaya ba ya sauke ɗayan. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke jin nauyin ƙin halartar biki ƙwarai da gaske, har a yi shekaru ana gorin wance ba ta zo ba, amma ba ma jin irin wannan nauyin idan mace ta shekara biyu ba ta sa mijinta a ido ba.

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma yawancinsa a hannun miji yake. Shi ne zai sa ranar dawowa ta zama bayan an watse da kwanaki masu auki, ba washegari ba. Na fi son kwanakin su zo bayan biki maimakon kafinsa, domin kafin biki hankalin kowa a tashe yake, kuma duk inda aka ji matar wa ta iso gari za a aiko a ɗauke ta. Shi ne kuma zai sanar da mahaifiyarsa tun da wuri cewa idan an kai amarya iyalinsa za ta koma masaukinsa. Wannan magana ba ta bakin suruka ba ce, domin babu 'yar mutunci da za ta tsaya gaban uwar mijinta ta ce a sallame ni in tafi wurin ɗanki. A nawa ɓangaren Allah Ya haɗa ni da uwar miji mai hangen nesa. Ranar da aka gama buɗar kai ita da kanta ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini turmin atamfa, ta ce, “'Yata, kin yi aikin Allah, tashi ki tafi ɗakinki, kada in sake ganin ki a gidan nan sai da mijinki, ku zo ku gaishe ni ku koma.” Ina roƙon iyayenmu mata su yi koyi da irin wannan, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi dabarar miji goma.

A waɗannan kwanaki na bayan biki ne na san rayuwar da mijina yake yi. Na zauna a shagonsa kusa da kasuwar Kejetia na ga yadda ake wuni a tsaye, ana ciniki da Hausa da Turanci da harshen Asante, na ga yadda yake ƙirga sidi da yamma yana lissafin nawa za ta zama idan an canza ta zuwa naira. Na ga ɗakin da yake kwana, katifa da darduma da 'yar tukunyar gas a lungu, na kuma ji cewa a garin masu gida kan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Tun daga lokacin, idan saƙon wata ya yi jinkiri, na san abin da ya tsare shi, ba na kwana ina saƙe-saƙe. Shi ma ya samu damar jin abubuwan da ba sa faɗuwa a waya, kamar halin da yara ke ciki a makaranta da abin da ke damuna a zaman gida. Mun je tafkin Bosomtwe mun wuni, mun shiga gidan tarihi na fadar sarkin Asante ta Manhyia, kuma duk sun burge ni, amma amfanin tafiyar yana cikin zaman da muka yi mu biyu ba mai kiran ɗayanmu. Zargi da yawa da ke kashe auren nesa yana samo asali ne daga rashin sanin yadda ɗayan yake rayuwa, kowa yana zaton ɗan'uwansa na can yana jin daɗi.

Akwai kuma batun saƙo, wanda shi ma yakan ci wani kaso na tafiyar. Da zarar an ji mace za ta Ghana sai ƙulle-ƙulle su fara isowa, wannan kilishi, wannan yaji, wannan turaren wuta, wannan ɗinkin anko na wance, har ta rasa inda za ta sa nata kayan, alhali yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka. Idan ta isa kuma sai rabon saƙon ya zama wani aikin, unguwa-unguwa. Shawarata ita ce a karɓi abin da za a iya, a ba sauran haƙuri, kuma kada a kuskura a ɗauki ƙullin da ba a kwance an ga abin da ke ciki ba, ko daga hannun wa ya fito. A bakin iyaka da filin jirgi wanda aka samu kaya a hannunsa shi ake tuhuma, kuma faɗin cewa saƙo ne aka ba ni ba ya fitar da kowa.

Abin da na faɗa ya shafi maza ma, domin yanzu akwai matan da ke karatu ko aikin jinya a Masar da Saudiyya da Ingila, mazajensu na gida. Namijin da ya je bikin dangi a irin waɗannan ƙasashe ya ƙare kwanakinsa a majalisar abokai da yawon kasuwa, ya bar matarsa da dafa wa baƙinsa abinci, shi ma bai yi ziyara ba.

Ga 'yan'uwana maza da ke Kumasi da Accra da sauran garuruwan neman arziki, ina roƙonku ku sa kuɗin zuwan iyali cikin lissafin shekara, kusa da kuɗin haya da kuɗin makaranta, ko da adashi za a shiga dominsa. Dogon hutun makaranta na watan Agusta ya isa a zo da yara su ga inda mahaifinsu yake, su gaisa da kakanninsu da 'yan'uwansu na zango a lokacin da gida yake shiru ba hayaniyar taro. Idan kuɗin mutum huɗu ya gagara, kai ɗaya ka rufe shago ka taho, ko ka bar wa yaronka ya kula da shi na 'yan makonni. Idan kuma an sa ranar biki a tsakani, sai a zo a yi shi da farin ciki, a yi wa dangi hidima yadda ta kamata, amma a bar wa matar kwanakinta bayan an kwashe kujeru.