Sanda mai lamba 8 da kifi kamar tafin hannu

A bayan unguwar da muke haya a jihar Virginia ta Amurka akwai wani rafi da faɗinsa bai fi ƙafa 15 ba, bishiyoyi sun rufe shi ta kowane gefe. Cike yake da ƙananan kifayen nan da mutanen ƙasar ke wa laƙabi da kifin kasko, don guda ɗaya na shiga kaskon suya ba sai an raba shi ba. Bulugil ne babbansu. In ka gan shi sai ka rantse ƙanen karfasa ne: faffaɗan jiki, ƙaramin baki, ga ƙaya a gadon baya.

Na yanki lasisin kamun kifi, don a nan ko fatsa za ka jefa sai da takarda, na nufi shagon kayan su. Irin fatsar da na ga ana yi a rafin ba ta da tana, ba ta da dalma. Ƙudan ƙarya ake ɗaura wa ƙugiya, na gashin tsuntsu ko na soso. To ƙudan nan ba shi da nauyin da zai ja zare, shi ya sa igiyar ce ake yi mata nauyi ta ɗauke shi. Kowace igiya da lambarta, gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonta: mai lamba 3 wajen giram 6.5, mai lamba 8 ta haura giram 13. Ita kuma sanda an rubuta lambar igiyar da ta dace da ita a saman mariƙi.

Mai shago ya tambaye ni faɗin rafin da yawan bishiyoyi, sai ya miƙo min wata 'yar siririya, tsawon ƙafa 7 da rabi, lamba 3. Na girgiza ta na ji kamar tsumagiyar makarantar allo. Ni da na taso ina kallon masunta na fito da giwar ruwa daga kogin Neja a Yawuri, wannan za a ba ni? Na nuna wata mai ƙafa 9, lamba 8. Ya ce wannan ta manyan kifayen manyan koguna ce. Na ce ai shi ya sa.

A wannan fatsar sai ka wurga igiya baya ta miƙe sarai, sannan ka turo ta gaba. Wato duk nisan da kake so a gabanka, sai kana da fili kamarsa a bayanka. Ni kuwa reshe ne a bayana. Wurgin farko ƙuda ya maƙale a sama. Na ja, zaren naila da ke haɗa igiya da ƙuda ya tsinke. Kafin la'asar bishiya ɗaya ta cinye ƙudaje biyar, suna reto a jikinta kamar layu. Kifin kuwa ko gezau, ina ganinsu suna ganina.

Da na samu na fitar da igiyar sai wata matsalar ta fito. Sanda mai lamba 8 ba ta lanƙwasawa sai an fitar da igiya mai yawa, ni kuma ƙafa 15 kawai nake jefawa, sai ta zama kamar ina wurgi da taɓarya. Igiyar ta faɗa ruwa tim, duk kifin da ke kusa ya watse. Can dai wani marar rabo ya cafke ƙudan. Na fizga da ƙarfin da ake fizgar tarwaɗa. Kifin ya bar ruwa, ya bi ta saman kaina, ya faɗa cikin ciyayi. Minti goma ina rarrafe ina nemansa, da na damƙe shi kuma ƙayar bayansa ta soke ni. Ashe daga kai ake shafo shi zuwa jela, ƙayar ta kwanta, sannan a riƙe.

Wani dattijo da ke kamu a ƙasa da ni ya gaji da dariya a ɓoye, ya matso ya ba ni aron tasa. Lamba 3 ce, ƙafa 7, ta faibagilas, wato zaren gilashi da aka daskarar. Ya ce ta girafait, wato zaren kabon, ta fi sauƙin nauyi da nisan jifa, amma ta faibagilas ta fi taushi, tana lanƙwasawa ko da igiya kaɗan ce a waje, kuma ta fi jure karo da reshe. Igiyarsa mai yawo a saman ruwa ce, da zaren naila ƙafa 7 da rabi mai ƙarewa da kauri 4X, lambar da ke nuna sirantar zare ke nan. In ya fi haka siranta, ƙudan soso na murɗe shi. Ƙugiya lamba 10 ko 12, don bakin bulugil ba ya ɗaukar babba. Ya kuma danne ƙayar ƙugiyar da filaya, saboda kifin na haɗiye ta can ciki.

Sai ya nuna min jifan da ba ya buƙatar baya. Ka jawo igiya a hankali a kan ruwa, ka ɗaga sanda har ta ɗan wuce kafaɗa, igiya ta yi lanƙwasa a gefenka, sannan ka tura gaba, ta mirgina ta shimfiɗe. Ƙuda ya sauka, kada ka taɓa shi sai zobban ruwan sun lafa, sannan ka ɗan motsa shi. In kifi ya ɗauka, ɗaga sanda kawai ake yi. Na gwada a gindin wani kututture, wani ya ɗauka, ya juya faffaɗan jikinsa yana zagaye, sanda ta lanƙwashe har mariƙi. Wallahi sai da na yi kabbara.

Washegari na koma shago, kaina a ƙasa, na ce a ba ni tsumagiyar nan. Mai shago bai ce komai ba, murmushinsa ne ya fi zagi ciwo. Na je rafi na kama shida. Da zan dawo, ƙyuya ta hana ni kwance sandar gida huɗu kamar yadda aka yi ta, na zura ta a mota haka nan, na turo ƙofa. Na ji ƙas. Inci huɗu na tsinin sun tafi.

Uwargida ta karɓi kifin ta jera su a kasko, shida cif suka shige har da sauran wuri. Ta dubi sanduna biyu a jingine, ta dube ni.

"Maigida, nawa ke nan kowane ɗaya ya tashi?"

Na ce ta ƙara yaji.