A yanka wa mai riƙe da allura albashi

Na saurari saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp tun shekaranjiya, wanda wani mai asibitin dabbobi ya yi yana tona asirin yaronsa, wai ya kama shi yana yi wa bisashen mutane allura a ɓoye yana zuba kuɗin a aljihu. Ba zan kama suna ba, duk wanda ke harkar kiwo a Maraɗi ya san zancen. Yaron ya yi laifi, ban wanke shi ba. Amma a cikin saƙon nan mai gidan ya faɗa da bakinsa cewa tsawon shekarun da suka yi tare bai taɓa yanka masa albashi ba, sai dai idan kasuwa ta yi kyau ya ba shi na goro. A wurina, laifin da ya fi girma yana nan, kuma ya ba ni takaici da na ga masu ilimi suna taya shi Allah wadai ba tare da ko ɗaya ya tsaya kan wannan magana ba.

Mu dubi yadda aikin yake gudana. Likita yana zaune cikin gari, shi ke da takardar izini, shi ke zuwa taro Yamai. Wanda ke hawa moto cikin zafin watan Afrilu ya nufi Tibiri ko Jiratawa ko ƙauyukan Madarunfa, ya kayar da sa, ya sha harbi, ya sa hannu cikin mahaifar saniyar da haihuwa ta gagara, yaron nan ne. Yana ɗauke da jakar magani da kuɗinta ya fi abin da zai samu a wata, yana karɓar kuɗi hannu da hannu ba rasit, ba wanda ke gani. Ka ɗora wa mutum wannan amana, sannan ka bar shi bai san abin da zai kai gida ranar Juma'a ba, wane sakamako kake jira? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a aljihun mai gida ba. Ma'aikacin da ba a biya shi zai raba allurar dabba ɗaya ga dabba biyu, makiyayi ya biya kuɗin cikakken magani, tunkiya ba ta warke ba, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin. Daga nan makiyayi ya yanke ƙauna da asibiti, ya koma wajen masu tebur a kasuwa, inda kwalabe ke shan rana tun safe kuma ba wanda ya san ta inda suka ƙetaro iyaka. Asibitin da ya hana albashi da hannunsa yake kora wa masu tebur ciniki.

Na san abin da za a ce. Za a ce koyon sana'a yake yi. Koyo yana da ranar farawa da ranar yaye, kuma wanda ka amince ya tafi daji shi kaɗai da sunan asibitinka ya wuce mai koyo. Za a ce ɗan'uwa ne, a gida yake ci. Zumunci bai taɓa soke haƙƙin gumi ba, kuma tuwon dare ba zai yi masa aure ba. Za a ce babu kuɗi, ga haya, ga fatanti, ga wahalar wuta tun da Najeriya ta yanke lantarki a 2023, firijin rigakafi kuwa dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Duk wannan gaskiya ne, amma mai gida yana biyan haya don ya san za a kore shi, yana biyan fatanti don ya san za a rufe masa kanti, sai albashin yaro ne kawai ake ɗagawa, don shi ba ya da bakin magana. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jika 42 tun Janairun 2024, kuma doka ta wajabta a rubuta ma'aikaci a CNSS, wato asusun gwamnati na fansho da kare ma'aikata. Wanda cinikinsa ba zai ɗauki wannan ba, ya rage hannu, ya riƙe allurarsa da kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a jihar nan tamu aka fara nuna yadda ake yi. A 2003 aka kafa tsarin SVPP, wato na kai aikin likitan dabbobi kusa da makiyaya, a Dakwaro, tare da ƙungiyar likitocin dabbobi ta VSF Beljiyam da ƙungiyar Karkara: likita mai zaman kansa a tsakiya, mataimakan kiwo a ƙauyuka, an horar da su, suna sarin magani a wurinsa, kowa ya san ribarsa, likita kuma yana bin sawun aikinsu. Mataimakin da ya san rabonsa ba ya buƙatar ɓoye-ɓoye. Abin da aka iya tsarawa a dajin Dakwaro bai kamata ya gagari asibiti a tsakiyar birnin Maraɗi ba.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. A rubuta yarjejeniya, a sa ranar biya, a ware kuɗin isansi daban da albashi, a ba yaro kaso sananne a duk fitar da ya yi. A ajiye littafin kaya a ƙirga kwalabe duk mako, kuma mai gida ya daina zura hannu cikin akwatin ciniki don cefanen gidansa, domin yaro yana kallo, kuma abin da ya gani shi zai koya. A saya masa safar hannu da takalmin roba, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare. Ba mu manta da zazzaɓin Rift, cutar dabbobi mai kama mutane, da ya ɓulla a jihar Tawa a 2016 ba, wanda ya kashe mutane, yawancinsu masu cuɗanya da dabbobi. Wanda ke fuskantar irin wannan haɗari saboda cinikinka, albashinsa wajibi ne a kanka.

Ku kuma masu kiwon turke da ke ɗaukar magani bashi kuna cewa sai bayan Sallah, ku sani kuna da hannu a ciki. Ragunan Layyar bara an sayar da su tuni, wasu ma an ƙetara da su Jibiya, amma sunayenku na nan cikin littattafan bashin asibitoci, kuma daga cikin kuɗin nan ne ya kamata a biya yaron da ya zo muku da tsakar dare ranar da ragonku ya kumbura.