Taron masu zana taswira, amma an kasa gano inda fostata ta shiga

Ni dai yau sai na amayar da abin da ke cikina, don wata biyu ke nan da dawowata daga taron nan na masana jogirafi amma har yanzu in na tuna sai in ji raina yana tafasa. Duk wanda ya gan ni sai ya ce ke kam kin more, kin hau jirgi kin je taron manya. More me? Wallahi ba wanda ya san baƙar wuyar da na sha.

Malam ne, wanda ke duba aikina na ƙarshe, ya matsa mini in tura taƙaitaccen bayanin aikin. Aikin kan yadda gari ke cinye gonakin da ke kewaye da shi ne, na ɗauko hotunan Landsat na 1990 da na 2020 na gwama su. Landsat ɗin nan taurarin ɗan'adam ne na Amurka da ke ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 aka mayar da hotunan kyauta, shi ya sa ma ɗaliba irina take iya sa hannu. Kowane ɗigo ɗaya a hoton fili ne mai mita 30 tsawo mita 30 faɗi. Wata shida ina fama da QGIS, manhajar zana taswira, a wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga, ina lissafin NDVI, ma'aunin nan da ke nuna inda tsiro yake da inda ya ƙare, har na fitar da taswira biyu da ni kaina in na kalla sai na yi murmushi, kore inda har yanzu gona take, ja inda gini ya hau.

Da aka karɓi aikin Malam ya ce kar ki damu, sashe zai tallafa miki. Ashe tallafin nasu shi ne ki fara biya daga aljihunki in kin dawo ki kawo rasit. Wane aljihu? Na ce ranka ya daɗe ni fa ɗaliba ce, da ina da kuɗin ai ba zan nemi tallafi ba, ya ce haka tsarin yake, ki yi haƙuri. Kuma ko takardar amincewar sai da ta yi sati biyar tana yawo daga wannan tebur zuwa wancan, yau mai sa hannu ya tafi mitin gobe fayil ɗin ne ba a gani ba, kafin ta fito wa'adin rangwamen masu rajista da wuri ya wuce, tikitin jirgi ya tashi, ɗakunan kwana masu sauƙi na kusa da wurin taron duk an kame. Sai wajen yayana na ci bashi. Maganar biza kuwa in na fara ba za mu tashi ba.

To mu zo kan fosta, wato babbar takardar da zan kafe in nuna aikina a kanta, don nan ne abin ya fi ci mini rai.

Masu taro sun ce lallai girman A0, wato santimita 84.1 faɗi 118.9 tsawo. Na buga mai launi, na naɗe ta a hankali na zura a bututun kwali, na rufe bakinsa biyu da salatif, na rungume abina kamar jaririya. A kanta inda ake auna kaya na tambaya da bakina, wannan zan iya shiga da shi jirgi? Ma'aikaciyar ta kalla ta ce ba matsala. Na wuce duk bincike ba wanda ya ce uffan. Sai a bakin ƙofar shiga jirgi, ana kan layi mutane na turo ni ta baya, wani ma'aikaci daban ya miƙo hannu wai ya yi tsawo sai dai a sa a ƙasa da sauran kaya. Na ce yallaɓai abokiyar aikinka fa ta ce in shiga da shi, ko kallona bai yi ba, ya rubuta wata lamba da biro a 'yar takarda ya manna a jikin bututun ya ajiye shi a ƙasa gefen keken wani yaro. Kuma ina zama a kujerata na ga wani bawan Allah ya buɗe ma'ajiyar sama ya zura irin bututun nawa sak, ba wanda ya tanka masa. Kamfani ɗaya, jirgi ɗaya, doka kuma ta danganta da wanda ka faɗa hannunsa.

Mun yada zango mun canza jirgi, muka sauka da dare. Na tsaya gaban bel ɗin kaya, akwatuna na zagayowa kowa na ɗaukar nasa yana tafiya, har ya rage wata jaka ɗaya tilo tana ta zagaye, har bel ɗin ya tsaya cak. Ba bututu ba alamarsa. A ofishin kayan da suka ɓata aka ba ni fom, aka nuno mini wani kati mai hotunan akwatuna iri-iri wai in nuna wanda ya yi kama da nawa. Mutumin ya buga lambar nan ta biro a kwamfuta ya ce ba ta fito ba, wato ba a ma shigar da ita ba tun can. Ku duba fa, tauraron da na yi aiki da hotonsa yana can sama a nisan kilomita 705 amma yana iya nuna mini gonar da aka mayar gida, su kuwa abin da suka karɓa hannu da hannu sun kasa sanin ko a wace ƙasa yake.

Washegari da rana ne lokacina. Shagon da ke buga babbar takarda ya ce sai bayan kwana biyu. Abin da na samu kawai shi ne firintar masaukinmu, ta baƙi da fari. A0 ɗaya A4 goma sha shida ce cif, don haka na yanka fostar a kwamfuta gida 16 na buga, na baje su a ƙasan ɗaki ina durƙushe har ƙarfe biyun dare da almakashi da salatif. Firintar tana barin farin baki a kowane gefe, sai na datse, in na datse kuma layi ya goce, kogin da ya ratsa taswirata ya shiga takarda ta shida ya fito ta bakwai a karkace kamar an yi girgizar ƙasa, ma'aunin nisa ya rabu gida biyu. Wannan duk mai sauƙi ne. Da na miƙe na kalli abin daga nesa sai na ga ja da kore duk sun koma toka-toka iri ɗaya. Gona da gini ba bambanci. Aikin wata shida da ba abin da yake son nunawa sai wannan bambancin. Na zauna a bakin gado na yi kuka na gode Allah, sannan na nemo biro ina bi ina zizara layi a kan inda ya kamata ya zama ja.

Su ma masu taron ba zan ƙyale su ba. Taswirar wurin da suka raba mana ba alamar arewa, ba ma'aunin nisa, ba a nuna hawa na nawa ne ba. Mu a shekarar farko in ka kawo taswira ba waɗannan malami rage maka maki yake ba ko tausayi, amma ga taron da furofesoshi suka cika maƙil an buga wannan an raba. Minti ashirin ina zagaye da fostata mai faci a hannu tana kaɗawa, kafin wani mai shara ya nuna mini hanya. Ashe zauren fostocin ɗalibai yana wani gini daban, can ƙasa, bayan wurin ajiye motoci. Masanin jogirafi Waldo Tobler ya faɗa tun 1970 cewa komai na da alaƙa da komai amma na kusa ya fi na nesa alaƙa, mun haddace don jarrabawa, to bisa wannan doka mu kam ba mu da wata alaƙa da taron. Kuma suka sa lokacinmu daidai da jawabin babban baƙo. Wa zai bar babban baƙo ya sauko gareji? Awa biyu muna tsaye mu kusan talatin muna karanta fostocin juna.

Gaskiya dai ɗaya ce, wata dattijuwar furofesa ta sauko, ta tsaya a gabana ta gyara tabarau ba ta yi dariyar facin ba, ta tambaye ni ko hotunan biyu a yanayi ɗaya na shekara aka ɗauke su, don in ɗaya na lokacin ruwa ne ɗaya na rani to NDVI zai nuna mini asarar da ba ta faru ba. Tambayar da ta fi duk tafiyar amfani ke nan, kuma ina da amsa, wata ɗaya na zaɓa a duka shekarun. Amma sai a waya na nuna mata taswirar mai launi, muna matsa sikirin da yatsu biyu.

Tun 1871 aka yi babban taron jogirafi na duniya na farko a Antwap ta Beljiyam. Ba irinsa na je ba, namu ƙarami ne, amma ina nufin shekara sama da 150 ana wannan harka, har yau ba a gano cewa ɗalibi ba ya ɗaukar albashi ba? A bakin kowa ku ne manyan gobe, a tsari kuwa komai an yanka shi daidai wanda ke da katin banki mai nauyi da ofishin da zai yi masa bukin.

Da na dawo na bincika na ga yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 kan sufurin jirgin sama tsakanin ƙasashe ta ce in kaya suka kwana 21 ba su iso ba fasinja na da damar neman haƙƙinsa kamar sun ɓata. Ina ta ƙirga kwanaki. Ranar ta 19 suka kira wai albishir an ga kayana. Bututun ya zo a lanƙwashe ta tsakiya da sawun taya a jikinsa, murfi ɗaya babu. Na rubuta ƙorafi cikin kwana 7 da doka ta ce, amsar da na samu imel ne irin wanda na'ura ke turawa, wai suna godiya da na zaɓe su.

Kuɗin tallafi kuwa har yau shiru. Jiya na koma ofishin kuɗi karo na huɗu, akawun ya juya takarduna ya ce ina katin shiga jirgi na asali. Na ce yallaɓai a waya aka turo, ga shi na buga. Ya ce wannan kwafi ne, na asali suke so. Sannan ya ɗaga takardar shaidar halartar taro ya ce kuma sunan nan bai yi daidai da na katinki na makaranta ba, masu taron sun cinye harafi ɗaya, sai ki rubuta musu su gyara su sa hatimi. Ina fitowa daga ofishin saƙon yaya ya shigo, wai ƙanwata ya maganar nan tamu.