Mala'ikan fim da na Alƙur'ani ba ɗaya ba ne

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari. Ka ce a finafinan ban tsoro na talabijin mala'ika ne ke riƙe wa mai kallo zuciya kada ya yanke ƙauna, kuma na yarda da kai. A nan Jidda, in mun rufe shago bayan sallar Isha, ni da ƙanena mukan kalli Supernatural, wani fim ɗin Amurka mai dogon zango, a waya. Wallahi ranar da mala'ika Castiel ya fara bayyana, a zango na 4 da aka fitar a 2008, bayan ya ciro Dean, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, daga wutar jahannama, sai da ƙanena ya ajiye kofin shayinsa ya gyara zama. Shekara uku ana fama da aljanu, sai ga mai ceto.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga baya wannan mala'ikan ya bijire wa umarni, har ya ɗauki kansa abin bauta. Mu kuwa Suratut Tahrim, aya ta 6, ta ce mala'iku ba sa saɓa wa Allah. Yaranmu na kallo, don haka nakan dakatar da fim ɗin in yi musu bayani kafin mu ci gaba.